Firjin Matar Mai Kemis

Zuwa ga ƙanena Direba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwata da ke ƙara in zan tashi, da Baban Auta wanda kunnensa na hagu ya yi ritaya gaba ɗaya. Na daman ma zaɓen abin da zai ji yake yi.

In ka manta ko wace ce, ni ce Yayarka mai ɗinki, wadda kakarta da kakarka suke uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goya ka zuwa asibiti ranar da ka haɗiye maɓalli. Ba gori nake maka ba, tuni ne, saboda yau ina da buƙata. Da a waya zan kira ka, to tawa ta faɗa cikin bahon wanki. Ko da ma tana nan, wannan ba maganar waya ba ce, don bangon gidanmu siriri ne. In na yi tari, matar mai kemis ce ke fara ce min sannu daga ɗakinta.

Albishirinka. Auta ta samu gurbi a jami'ar gwamnati, waccan da kake aiki, za ta karanci haɗa magunguna. Na yi murna har na ɗinke wa wata mata hannun riga a wuya. Ina cikin murnar sai yarinyar ta jawo takarda ta biyu ta fara karanto min: kuɗin rajista, kuɗin ɗakin kwana, kuɗin ɗakin gwaje-gwaje, kuɗin katin shaida, da wani wai shi kuɗin wasanni. Na ce yarinyar da ko kaza ba ta iya kora ba, wane wasa za ta yi? Ta ce dole ne, ko gurgu sai ya biya. Na ce ba jami'ar gwamnati aka ce min ba? Ta ce ai shi ya sa bai fi haka ba. Ƙanena, ko na sayar da keken ɗinkin nan da ni kaina zaune a kai, ba zai kai rabi ba.

Auta ta ce akwai wani tallafi da jami'ar ke bai wa wasu ɗalibai, har ta cika takardar nema. Kai kuma an ce kullum kana tare da manyan wurin, kana gaba suna baya. To ka sa baki. Ban ce ka roƙi kowa ba, mu ba a san mu da roƙo ba; ka dai jefa sunan yarinyar in hira ta yi daɗi.

Amsa ka ba kwandastan motar nan mai shuɗin gaba, kullum yana wucewa ta bakin layinmu.

Yayarka mai ɗinki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, na yi murna ƙwarai da labarin Auta, Allah ya sa albarka. Muna lafiya, sai ƙaramin da ke haƙori yana hana kowa sakat. Maganar maɓalli kuwa, duk wata babbar mace a dangi ta ce ita ta goya ni ranar, amma ke ma na karɓa, na gode.

Gaskiya ne ina gaba suna baya, sai dai Yaya sitiyari ne ya kai ni gaban. Ni direban bas ɗin ofishin kula da ɗalibai ne. Ba na shiga hirarsu sai in an tambaye ni ko akwai mai a mota.

Duk da haka na bincika a wurin masinjan ofis, ya ce sunan Auta ya tsallake matakin farko. Abin da ya rage shi ne kwamiti zai zo gidanku ya gani da idonsa, tun da tallafin na waɗanda ba su da hali ne, kuma an sha yi musu ƙarya. Shugabarsu wata Malama ce mai tabarau. Ba ta dariya, ba ta kuma mugunta. Talata ta sama za su zo, kuma mai yiwuwa ni zan tuƙo su. In haka ta faru, don Allah kada ki nuna kin san ni, ko maɓalli kada ki ambata, don doka ta hana ma'aikaci shiga maganar ɗan'uwansa.

Abu mafi muhimmanci: kada ku wahalar da kanku. Kada ku gyara komai, kada ku sayi komai, ku bar gidan yadda yake. Na ja layi a ƙarƙashin wannan, ki duba da kyau.

Ƙanenki Direba

*

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan kun koma lafiya. Ina rubuta maka wannan bayana yana ciwo amma zuciyata fes. Ka dai gani da idonka jiya. Faɗa min tsakaninka da Allah, mun ba ka kunya?

Na ga layin da ka ja. Na nuna wa matar mai kemis, ta ce kai, wannan ƙanen naki akwai tarbiyya. Ai duk baƙon kirki haka yake cewa, kada a wahala, kuma duk mai masaukin kirki ya san abin da zai yi in ya ji haka. Manyan malamai su taso tun daga jami'a, in zaunar da su a kan kujerar nan tamu mai ƙafa uku da bulo? Su koma su ce uwar mai haɗa magunguna a haka take zaune? Allah ya kiyaye.

Tun da kai a waje ka tsaya kana ta goge gilashin da ba shi da datti, bari in ba ka labarin ciki. Kujerun fata na matar mai kemis ne, haka ma firjin. Talabijin na mai aski ne, bawan Allah ya bar masu jiran aski suna kallon bango wuni guda. Kafet na malamar firamare. Labule ni na haɗa da yadin wata mata da ba ta zo karɓar ɗinkinta ba tukuna, na dai yi masa dogon ɗinki yadda zan warware. Fentin ragowar na makarantar layinmu ne, shi ya sa gaban gidan ya fito kalar aji. Na ga ka wuce mu ka dawo ka sake wucewa kana neman gidan. Ban ji haushi ba, ni ma da na dawo daga kasuwa sai da na yi sallama kafin in shiga. Keken ɗinki da buhun guntaye kuwa na kai su shagon mai aski na ɓoye, don kada ɗaki ya yi kama da wurin sana'a.

Firjin ne ya ɗan ba mu wahala, saboda an yanke mana wuta tun bara. Sai muka sayo ƙanƙara muka jibga a ciki, lemo ya fito da sanyi har kwalba na gumi. Malama mai tabarau ta riƙe kwalbar ta daɗe tana kallonta, ta kalli firjin, sannan ta yi rubutu. Na san yabo ne.

Baban Auta ya ɗaura agogon mai kemis. Na ce masa duk abin da aka tambaye shi ya ce alhamdulillahi, tun da ba ji zai yi ba. Suka tambaye shi ko gyaran rediyo yana kawo abin riƙe gida, ya ce alhamdulillahi. Suka ce ko akwai wata hanyar samu bayan wannan, ya ce alhamdulillahi ƙwarai da gaske. Ni kuma da Malamar ta tambaye ni ko muna cikin matsi, na yi dariya na ce wane irin matsi, ai mu sai godiya. Da za su tafi na sa musu soyayyun kaji a mota, ka ga dai ƙullin da idonka.

Abu ɗaya ne ya ɓata min rai, shi ne Auta. Tun da aka fara shigo da kujeru take bina tana cewa Inna ba haka ake yi ba, har da hawayenta. Na ce ta matsa ta bar manya su yi abin da suka sani. Da baƙin suka zo ta rakuɓe a lungu, ko murmushi babu. Yaran yanzu boko ya cika musu kai, ba su san karɓar baƙi ba.

Sai ka gaya min yaushe kuɗin zai fito, don in san lokacin da zan fara yi mata ɗinkin tafiya.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, in ban da kaina da ke sarawa tun ranar Talata.

Kin tambaya ko kun ba ni kunya. Wallahi Yaya, da na leƙa ta taga na hango firji, sai da na yi salati.

Bari in gaya miki abin da aka ce a hanya, tun da kunnuwana ba su yi ritaya ba. Ba mu kai kwanar layinku ba, malamin da ke zaune a bayana ya ce shi da digirinsa har uku ba shi da kujeru irin waɗannan. Ɗayan ya ce abin da ke ba shi haushi ke nan, masu hali su riƙa tsere da marayu a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Aka kwance ƙullin kaji, ana ci ana zaginku. Ni ma aka miƙo min cinya, na karɓa na ci, don in na ƙi za a tambayi dalili. Ban taɓa cin naman da ya tsaya min a wuya irin wannan ba. Malama mai tabarau ba ta ci ba. Abin da kawai ta ce shi ne, an rubuta uwar yarinyar tela ce, amma ita ko allura ba ta gani a gidan ba.

Kafin mu zo naku mun biya wani gida inda aka shimfiɗa musu buhu suka zauna. Yaron gidan ya samu. Auta ba ta samu ba. A gaban sunanta an rubuta cewa iyalin masu hali ne, ba sa buƙata.

Yaya, ba ladabi nake yi ba da na ce ku bar gidan yadda yake. Talaucin suka zo gani, ke kuma kika kai shi shagon mai aski kika ɓoye.

Akwai sauran ƙofa ɗaya. Ana iya neman a sake duba magana kafin a rufe rajista a ƙarshen wata. Sai ki rubuta da hannunki cewa kayan na aro ne, ki faɗi halin da kuke ciki ba rufa-rufa, a sake zuwa. In wata ya ƙare ba a biya ba, gurbin Auta wani za a ba, kuma masu jira suna da yawa.

Ƙanenki

*

Direba,

Lafiya lau.

Wato in ɗauki biro in rubuta wa mutanen da suka cinye min kaji cewa ni matsiyaciya ce, su sa a fayil, masinja ya karanta, mai shara ta karanta? Tun da na yi aure ba wanda ya taɓa jin cikina. Ranar da babu abin dafawa, ruwa nake zubawa a tukunya in ɗora ya yi ta tafasa, don maƙwabta su ga hayaƙi su ji ƙarar murfi. Da haka na reni 'ya'yana, ba wanda ya taɓa nuna su da baki. Wace irin jami'a ce wannan da sai mutum ya tuɓe a gabanta sannan ta taimake shi? Ka ce su riƙe kuɗinsu, Allah zai kawo wata hanya.

Cinyar da ka ci kuma, Allah ya sa ta zame maka magani.

Mai ɗinki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, ko da ba za a amsa ba. Shirun ya yi yawa. Na sake aiko wasiƙa, kwandasta ya rantse min ya ba ki hannu da hannu, kuma a gabansa kika ninke ta kika sa a ƙarƙashin ƙafar keke don ya daina rawa.

Auta ta kira ni da wayar mai aski. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce in daina damunki, ita ta fasa karatun. Wai ta fara koyon yankan riga a wurinki, kuma mai kemis ya ce zai ɗauke ta ta riƙa miƙa magani a kanta, ai duk magani ne. Sannan ta ce, "Kawu, Inna ba ta da komai sai wannan rufin asirin, kada a ƙwace mata saboda ni." Na yi ta cewa to, to, har kuɗin wayar ya ƙare.

Don haka na yi abin da doka ta hana. Ina kai Malama mai tabarau taro, danja ta tsayar da mu, na ce ranki ya daɗe, yarinyar nan ta gidan kujerun fata 'yar Yayata ce, firjin na aro ne, gidan ko wuta babu. Ta cire tabarau ta goge, ta ce ashe shi ya sa fitilar cikin firjin ba ta kama ba da aka buɗe shi. Ta ce ta gode da na faɗa, kuma dole ta kai rahotona. Ta kai ɗin kuwa. Yanzu tankar ruwa nake tuƙawa, ina bi ina shayar da furannin jami'a. Ba komai, furanni ba sa zagin kowa.

Ta ce maganata ba hujja ba ce, sai ta ji daga bakinki. Za ta biyo wata rana ba sanarwa, da wani direba. In ta sake tarar da kujerun fata, magana ta ƙare.

Wannan karon ban ja layi a ƙarƙashin komai ba, na ga abin da layi ya jawo.

Ƙanenki mai tanka

*

Ƙanena na kaina,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da iyali da furanninka kuna lafiya. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, kunnen Baban Auta ma haka.

Wannan wasiƙar taka ban sa ta ƙarƙashin keke ba. Na karanta, na ɗaga kai na kalli Auta tana yanka wuyan riga a karkace, tana yi tana murmushi don in ga kamar tana jin daɗi. Ƙanena, yarinyar nan ba ta da hannun ɗinki ko na sisin kwabo. Sai na gane irin abin da nake wa maƙwabta da tukunyar ruwa take yi min, kuma a wurina ta koya. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Amma ka san taurin kaina, ban sauko ba har ranar Laraba.

Ina kan keke da hantsi sai na ji layi ya ɗauki hayaniya. Mai aski ne ya fara hango motar jami'a tana neman wurin juyawa a bakin titi, ya kwarara wa matar mai kemis kira. Ni kuwa ba wanda na gaya wa yadda aka ƙare, kowa ya ɗauka kuɗin aka kawo. Kafin in gyara ɗankwali, ga mai aski a guje da talabijin a ka, wayar talabijin ɗin tana jan ƙasa. Ga malamar firamare da kafet a kafaɗa, ta baro 'yan aji. Ga firji a kan baro ƙarti na turawa, matar mai kemis a gaba tana ba da hannu kamar ɗan sandan hanya, tana cewa a yi sauri a bi ta baya kada a kunyata ni. Gidanmu kuwa ba shi da ƙofar baya. Malama mai tabarau da firjin tare suka iso bakin ƙofa, har sai da ta matsa gefe ta ba shi hanya.

Ta dube ni, ta dubi firjin. Duk layi ya fito. Matar mai kemis, don ta gyara, ta yi wuf ta ce ai daga wurin gyara aka dawo da shi. Wallahi ƙaryar ta yi kyau, ta zauna daram, da na yi shiru da ta wuce. Baban Auta ya hango tabarau daga ciki, ya fara alhamdulillahi tun ba a tambaye shi ba. Auta tana bayana da almakashi a hannu, ta sunkuyar da kai.

Na tsaya a ƙofa na ware hannuwa na tare hanya. Na ce, "Ku mayar, ba namu ba ne. Ba mu da firji, ba mu da wuta. Kujera ɗaya gare mu, ita ma da bulo take tsaye. Kuɗin makarantar yarinyar nan ba ni da shi, ba ni da inda zan samo shi."

Na ɗauka ƙasa za ta tsage in shige. Ba ta tsage ba. Mai aski ya sauke talabijin ya ce da ma wuyansa ya gaji. Matar mai kemis ta matso ta ce min a kunne, "Yo wa bai sani ba? Tukunyar ruwan nan taki, kin zaci ba ma jin ba ta ƙamshi?" Ashe shi ya sa duk ranar da na ɗora ta, sai wata ta aiko min da kwano cike wai in ɗanɗana mata ko gishiri ya ji. Shekara da shekaru ina aika musu da cewa gishirin ya yi daidai, ina ganin duk layin ba wanda ya kai ni iya ɗanɗano. Na yi kuka a nan bakin ƙofa, ƙanena, ban ɓoye ba, ina yi ina dariya.

Malama ta shiga ta zauna a kujerar mai bulo. Na ce ta jingina ta dama, ba ta ji ba ta jingina ta hagu, ƙusa ta kama mata gefen zane. Na ɗinke mata shi a jikinta, ta ce to yau dai ta ga allura. Ruwan tulu ta sha a kofin roba, ta yi tambayoyinta, na amsa ɗaya bayan ɗaya ba alhamdulillahin ƙarya. Na ce mata kuma ƙanena ba shi da laifi, ya ja layi, ni ce na tsallake. Ta ce za ta duba maganarka, amma ba ta yi alkawari ba.

Jiya takarda ta iso. Sun ɗauke rajista da ɗakin kwana da ɗakin gwaje-gwaje da katin shaida. Kuɗin wasanni ne kawai suka bar min, na kuwa biya shi da ladan ɗinkin matar nan mai labule. Don haka ka sa ido, ka tabbata yarinyar nan ta yi wasan, ko gudu ne ko tsalle, tun da gumina ne.

Ranar Asabar za ta sauka a tasha. Matar mai kemis ta kawo akwatinta mai taya, na yi mata godiya na ce ta mayar. Na zazzage buhun guntaye na ɗinka wa Auta jaka, ba macen da ke layin nan da babu ƙyallen zanenta a jiki. Ba ta da kyau, amma tamu ce, kuma ba za ka sha wahalar gane ta a cikin taro ba.

In za ka je ɗaukarta, ka je da tankarka. Kada ka ari motar kowa.

Yayarka mai ɗinki